Maigida zai sauke mana motar gumagumai, ga hunturu a bakin ƙofa

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Don Allah shawara nake nema. Bana muka taso daga unguwar Buronks ta birnin Niyok muka koma wani ƙaramin gari a bayan Sirakus, cikin jihar Niyok ta Amurka, saboda maigidana ya samu aiki a can. Gidan da muka saya tsoho ne, da mai ake ɗumama shi, amma akwai murhun ƙarfe na itace a falo wanda masu gidan na da suka bari. Da maigida ya ji kuɗin cika tankin mai sai hankalinsa ya tashi. Yanzu ya ga wani yana tallar gumagumai a Facebook, mota guda dala 1,000 har ƙofar gida. Ya ce in ba shi kuɗin adashin da zan kwasa ƙarshen Oktoban nan, ya biya itacen, ya sayi injin zarto, shi da kansa zai yanka ya faskara mu ji ɗumi bana. Wai a ƙauye ya tashi wajen Funtuwa, ba mai koya masa faskare. Ni kuwa tsoro nake ji. Bai taɓa riƙe injin nan ba, ga autarmu tana da asma, ga shi na yi niyyar aika wa mahaifiyata wani abu daga kuɗin. Da na nuna shakka sai ya ce na raina shi. Yau kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Anti, ni ce na cika tsoro ko kuwa?

Maman Khalifa

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya ba auta lafiya.

Ba ki cika tsoro ba. Amma shi ma maigidanki ba shirme ya ɗauko ba, kuma ina so ki riƙe wannan kafin mu shiga sauran maganar. Mutumin da ya kawo iyalinsa yankin da dusar ƙanƙara ke haura inci 100 a shekara, ya dubi tankin mai ya dubi albashinsa ya ga ba su daidaita ba, dole barci ya ƙaurace masa. Itace kuwa hanya ce ta gaskiya. Dubban gidaje a wannan yanki da shi suke fita hunturu, mu ma a gidana da shi muke rage kuɗin mai. Kod ɗaya (ma'aunin da ake sayar da itace da shi a nan) na busasshen ice mai nauyi, a murhu mai kyau, yana iya tsaya wa galan kusan 150 na man ɗumama gida. Sayen gumagumai a yanka a gida kuma ya fi sayen faskararre araha nesa ba kusa ba. A nan lissafinsa daidai ne.

Inda lissafin ya karye wuri ɗaya ne: itacen da za a sauke muku a Oktoba ba na hunturun bana ba ne. Na baɗi ne, wani ma na shekarar da ke bin baɗi. Ko da shi ne sarkin faskare na duk ƙasar Katsina, gatari ba ya busar da ice.

Ga dalili. Bishiyar da aka sare yanzu, kusan rabin nauyinta ruwa ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana cewa kada a sa ice a murhu sai danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ice mai taushi yana bukatar aƙalla wata 6 kafin ya kai haka, mai tauri aƙalla shekara guda. Icen bishiyar ok mai tauri, wanda shi ne abin alfaharin masu sayarwa, sau da yawa sai ya shekara 2. Kuma ba daga ranar da aka sare bishiyar ake fara ƙirga ba. Daga ranar da aka faskara aka jera ake farawa, domin gungume cikin ɓawonsa riƙe ruwa yake yi. Za ki ga gungumen da ya shekara a kwance, bakinsa ya tsage ya yi toka-toka, a faskara shi a tarar cikinsa sharkaf. Saboda haka idan mai tallar ya ce ai tun bara aka sare su, wannan ba ta canza komai ba.

Na san abin da ke ruɗar maigidanki, kuma ba laifinsa ba ne. A gida, mutum ya sari marke ko ƙirya bayan kaka, ya faskara ya watsa a tsakar gida, iskar hunturu da rana su yi masa aiki cikin 'yan makonni. Can hunturu shi ne lokacin bushewa. Nan kuwa hunturu lokacin danshi ne da daskarewa. Daga Nuwamba zuwa Maris ice kusan tsayawa yake yi a yadda yake, sai Afrilu ta shigo rana ta yi ƙarfi sannan ya soma sakin ruwa da gaske. Bayan haka, a gida a fili ake hura wutar. Ice ya yi gardama, a fifita, hayaƙi ya bi iska. Nan a cikin falo ne, ƙofofi da tagogi a toshe, wuta na ci dare da rana wata biyar. Ilimin da ya taso da shi na gaske ne, ƙasar ce daban.

To me zai faru idan aka dage aka cusa ɗanyen? Da farko ba za ku ji ɗumin ba. Wutar za ta ƙare ƙarfinta wajen tafasa ruwan da ke cikin icen, ki ji yana tsuwwa, kumfa na fita a bakinsa, gilashin murhu ya yi baƙi. Kilo ɗaya na busasshe yana ba da zafi kusan ninki biyu na kilo ɗaya na ɗanye. Ke nan za ku ƙone itacen ku kuma sayi man da kuke gudu. Wannan asarar kuɗi ce kawai, da a nan ta tsaya da sauƙi. Hayaƙin ɗanyen ice ba shi da zafi sosai, sai ya riƙa manne wa cikin bututun hayaƙi yana zama kunkunniya mai danƙo kamar kwalta, wadda ake kira kiriyosot. Ita wannan kama wuta take yi. Ranar da ta kama, cikin bututun ne ke ci, da ƙara mai ban tsoro, kuma a tsohon gidan katako daga nan sai rufi. Yawancin gobarar bututu a ƙasar nan daga wannan kunkunniyar take tashi. Sannan ga auta. Hayaƙin ice yana ɗauke da ƙura mai laushin da ido ba ya gani, tana shiga can cikin huhu, kuma tana daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna tayar da asma. Duk buɗe ƙofar murhu da za a yi a kan wutar da ke cin ɗanye, wani hayaƙin falo zai dawo.

Don haka shawarata ita ce ku raba maganar gida biyu. Akwai ta hunturun bana, akwai ta gumagumai. Haɗa su da aka yi shi ya kawo rigimar.

Ta bana ita ce ta gaggawa. Kafin a ƙyasta ashana a murhun nan, a kira mai share bututun hayaƙi wanda ke da takardar shaida, ya duba tun daga murhu har saman rufi. Ba ku san yadda masu gidan na da suka yi amfani da shi ba, ba ku san ko bututun ya tsage ba, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Ƙa'idar masu kashe gobara a nan ita ce a duba sau ɗaya kowace shekara, kuma yanzu ne lokacin da suka fi cunkoso, saboda haka a buga waya cikin makon nan. Ki tambaye shi ko murhun yana da shaidar EPA a bayansa. Tsofaffin murhu da ba su da ita sun fi cin ice, sun fi hayaƙi. Ku kuma sanar da kamfanin inshorar gidanku cewa za ku riƙa amfani da murhun itace. Mutanenmu suna raina wannan, sai abu ya faru a shiga jayayya.

A sa ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid a kowane bene, musamman kusa da ɗakunan barci. A jiharku ma sa ta kabon monoksaid ɗin doka ce tun 2010, dokar da ake kira ta Amanda, sunan wata yarinya 'yar shekara 16 da iskar ta kashe tana barci a kusa da birnin Bafalo a 2009. Iskar ba ta da wari ba ta da launi. Tunda na zo nan, bari in faɗi abin da ke cina a rai duk shekara: kaskon gawayi da muka saba shiga da shi ɗaki a gida lokacin sanyi, ko na turaren wuta da ake bari yana ci a rufe ƙofa, kada a kuskura a yi shi a nan. A gida ma yana kashe mutane, balle a ɗakin da aka toshe kowace kafa. Haka janareta idan wuta ta ɗauke, waje yake zama, nesa da taga.

Ki kai auta wurin likitanta ki gaya masa za a fara hura itace a gidan. Idan ya ce a bari, to murhun ya zama na ranar da wutar lantarki ta ɗauke kawai, kuma wannan hukunci ba naki ba ne balle a ce kin raina wani.

Game da kuɗin mai, akwai shirin tallafi da ake kira HEAP, wanda a jihar Niyok yawanci a watan Nuwamba ake buɗe shi, ta ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku. Yana taimakawa da kuɗin mai, har da na itace. Samunsa ya danganta da kuɗin shigar gida da yawan iyali da takardun zama. Ku tambaya, ba roƙo ba ne, harajinku ne. Kamfanonin mai da yawa kuma suna yarda a rarraba kuɗin shekara a riƙa biya wata-wata, maimakon a dunƙule shi a Janairu.

Idan likita da mai duba bututu sun ba da hanya, ku sayi busasshen faskare kod ɗaya ko biyu na bana. A nan ma sai da ido. Cikakken kod shi ne jerin ice mai ƙafa 4 a tsaye, ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, wato 128 idan an ninka ukun da juna. Amma a yankinku yawancin masu sayarwa idan sun ce kod, fes kod suke nufi, layi ɗaya ne na ice mai tsawon inci 16, sulusin cikakken kod ke nan. Baƙo yakan ji farashi ya yi murna, a sauke masa kashi ɗaya cikin uku na abin da ya zata. Sai a tambaya a fili: cikakke ne ko fes? Kuma kowa cewa yake nasa busasshe ne. Ku sayi ɗan ma'aunin danshi, ƙaramin abu ne mai allura biyu, ba shi da tsada, ana samunsa a shagon kayan gini. Mota ta zo, kafin a juye, a ɗauki guda uku ko huɗu daga wurare daban-daban, a sake faskara su, a soka allurar a sabon cikin da ya bayyana. Aunawa a bayan icen yaudarar kai ce. Ya nuna 20 ko ƙasa, a sauke. Ya nuna 30, a yi wa mai mota godiya ya juya. A wannan lokaci na shekara, wanda aka busar a na'ura shi ya fi tabbas, ko da ya fi tsada.

Yanzu gumagumai. Ni ban ce kada a saya ba. Idan da gaske zama za ku yi a gidan nan, sayensu dabara ce mai kyau, kuma gara a fara da wuri tunda bushewa lokaci take ci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cinikin biri a sama. "Mota guda" ba ma'auni ba ce. Babbar motar gumagumai mai ƙugiyar lodi takan ɗauki kod 6 zuwa 8, amma akwai ƙanana, akwai kuma mai lodin da zai jera karkatattun gumagumai rabin motar iska ce. Maigida ya tambayi kod nawa ne, wane irin ice ne, kaurinsu ya kai nawa, daga ina aka saro. Idan da hali ya je ya gani da idonsa. Kada a tura ko sisi kafin mota ta tsaya a ƙofar gida, domin masu karɓar kuɗin kafin alƙalami su ɓace sun yi yawa a intanet. Hanya mafi aminci ma ba Facebook ba ce. Ya dubi maƙwabcin da ya fi kowa tsararren jerin ice a bayan gida, ya yi masa sallama ya tambaye shi wa ke kawo masa. Mutanen karkara a nan suna son a tambaye su wannan, kuma mai kawo wa unguwa ba ya son ɓata sunansa.

Irin icen yana da muhimmanci ƙwarai. Ok, hikori, mapul mai tauri da bic su ne masu nauyi, masu riƙe garwashi har asuba. Fofla da wilo da fain ba su da nauyi, wuf suke cinyewa, kod ɗinsu bai fi kashi biyu cikin uku na zafin ok ba, wani ma bai kai ba. Elm kuwa wahalar faskare gare shi, zarensa a murɗe yake. Wanda zan ba ku shawara ku nema shi ne ash. Tun asali ruwansa bai kai na sauran ba, yana faskaruwa cikin sauƙi, yana bushewa da wuri, kuma yanzu yana da yawa saboda wani koren ƙwaro da aka fara gani a Mishigan a 2002, ya iso Niyok a 2009, ya kashe miliyoyin bishiyun ash. Lodin da ya haɗa ash da mapul da ɗan ok shi ya dace da mai farawa: ash da mapul na baɗi, ok a ware shi gefe ya jira. Saboda irin wannan ƙwaron ne jihar ta hana a kai icen wuta nesa da mil 50 daga inda aka saro shi, sai in an gasa shi a na'ura, kuma ba a shigo da ɗanye daga wata jiha. Ku karɓi rasit mai nuna inda icen ya fito. A kuma duba kaurin: gungumen da ya wuce inci 16 zuwa 18 ba na sabon hannu ba ne, ko juya shi aiki ne. Wanda aka ja cikin taɓo kuma, ƙasar da ke ɓawonsa dakushe sarƙar inji take yi nan take. In kun ga wata igiyar tsiro mai gashi-gashi manne a jikin gungume, kada a taɓa da hannu, kada a ƙone. Tsiron nan ne mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje, hayaƙinsa kuma yana ƙona huhu.

Sai wurin saukewa, wanda mutane ba sa tunawa sai mota ta iso. Motar nan da lodinta nauyi gare ta sosai. Tana iya fasa simintin hanyar shiga gida, tana iya nutsewa a ciyawa idan ƙasa ta jiƙe, kuma gidajen karkara irin naku yawanci suna da tankin masai binne a fili. Ku san inda naku yake kafin taya ta hau kansa. Ƙugiyar lodin tana ɗagawa sama, a kauce wa wayoyin lantarki. Shi ya sa masu abin suka fi son a kawo musu a Janairu ko Fabrairu, lokacin da ƙasa ta daskare ta yi tauri, gumaguman ma sun fi tsabta. A yanka a faskara a Maris da Afrilu, su samu rana tun daga farkonta. A sa direba ya shimfiɗa gumagumai biyu a ƙasa ya ɗora sauran a kai, kuma ya baje su, kada ya tula su sama. Tulin gumagumai gangarowa yake yi ba sallama. Su Khalifa za su gan shi kamar wurin wasa. Wannan doka ce da za ki kafa tun ranar farko, ba hawa, ba kusanta.

Injin zarto shi ne inda na fi jin tsoronki, kuma a nan ba zan sassauta ba. Iya gatari ba iya inji ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 36,000 ake kaiwa asibitin gaggawa duk shekara a Amurka saboda raunin wannan inji, kuma da yawansu ba baƙinsa ba ne. Mafi munin haɗarinsa shi ne idan hancin injin ya taɓa wani abu, sai ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, cikin ƙiftawar ido, kafin hannu ya yi wani abu. Yanka a jikin tuli, inda gungume ke kan gungume, shi ne ainihin inda hakan ke faruwa. Sai an mirgino guda ɗaya fili sannan a yanka. Duk wanda zai sayi inji, kuɗin kayan kariya yana cikin kuɗin injin: wandon kariya mai zaren da ke cushe sarƙa ya tsayar da ita, hular kwano mai ragar fuska da abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfe a baki, safar hannu. Ba ya yanka shi kaɗai a gida, ba ya yanka a gajiye bayan ya dawo aikin dare, ba ya yanka a kan ƙanƙara mai santsi, ba ya yanka da doguwar riga. Ofishin malaman gona na gundumarku, wanda ake kira Cornell Cooperative Extension, wuri ne da zai tambaya inda ake koyar da riƙon injin. Kwana ɗaya a hannun gwani ya fi bidiyo ɗari. Shi ne mai ciyar da gidan nan, ƙafarsa ita ce jarinku, kuma kin san kuɗin asibiti a ƙasar nan.

Ya kuma auna yawan aikin da gaskiya. Kod ɗaya na ɗanyen ok ya haura tan 2. Mota guda ke nan wajen tan 15, kuma kowane guntu sai an ɗaga shi an ajiye sau da yawa: a yanka, a faskara, a kai wurin jeri, a jera, daga baya a ɗebo a shigo da shi. Mai aikin sati ba zai gama wannan a ƙarshen mako biyu ko uku ba. Ana hayar injin faskare na kwana guda, idan an riga an yanka an tara, yana rage wahala sosai. Jerin kuma a ɗora shi kan katako ya bar ƙasa, a wurin rana da iska, a rufe samansa kawai a bar gefuna a buɗe, a ɗan nesanta shi da bangon gida saboda tururuwa masu cin katako da ɓeraye. Lulluɓe shi ruf da leda ruɓar da shi yake yi. Don duk wannan nake ganin rabin mota ya ishe ku a shekarar farko, ko ku haɗa da maƙwabci ku raba. Idan abin ya karɓe shi, baɗi ya ƙara.

To, mu dawo kan kuɗinki da kwana ukun nan.

Kuɗin adashi naki ne. A addini ma dukiyar mace tata ce, ɗumama gida kuwa yana cikin abin da ke wuyan miji, kamar ci da tufafi da wurin kwana. Ba wanda zai ce kin yi laifi don kin ware wa mahaifiyarki abin da kika yi niyya. Ki fara cire nata ki aika, kada ya shiga cikin ciniki. Abin da ya rage, in kin ga dama ki taimaka, kuma ni a ganina taimakon yana da kyau, domin sanyin nan ku duka zai taɓa. Sai dai ki faɗa a fili ko kyauta ce ko rance. Idan rance ne ku rubuta, ba rashin yarda ba ne, umarni ne da muka sani. Yawancin ɓacin ran da nake gani tsakanin ma'aurata a kan kuɗi daga nan yake tasowa, ita tana ƙirga bashi, shi yana ganin an wuce wurin. Kuma da ni ce ke, kuɗina zai tafi ne ga duba bututu, ƙararrawa, busasshen ice na bana da kayan kariya. Gumagumai su jira Janairu, ya tara nasa ya biya.

Maganar raini kuwa, ki duba abin da ya ji, ba abin da kika faɗa ba. Mutum ne da ya bar Buronks inda ya san kowa, ya zo inda komai sabo ne, a wurin aiki ana nuna masa, a banki ana nuna masa. Ya samu abu guda da yake ganin ya iya tun yana yaro, sai matarsa ta ce anya. Shi ya sa abin ya yi masa zafi fiye da kima. Kada ki jira ya fara magana, kuma kada ki kira gida ki kai ƙara wurin yayyensa, wannan zai mayar da ƙaramar magana babba. Ki samu lokacin da ya ci ya huta, yara sun kwanta. Ki fara da abin da yake gaskiya: kin ga ƙoƙarinsa, kin yarda itace zai rage muku nauyi, kina so a yi. Sannan ki ce abin da kika samu labari shi ne icen ƙasar nan ba ya bushewa a hunturu, kina so ku gwada ku gani kafin a zuba kuɗi. Ki miƙa masa ma'aunin danshin ya riƙe da hannunsa. Ya je wurin mai gumaguman, ya sa a yanka guda a faskara, ya soka. Idan ya ga 40 da idonsa, ba ke kika faɗa ba, ba kuma Anti ba. Namiji yakan karɓi gyara daga abin da ya gano da kansa cikin sauƙi, kuma ki bar masa wannan, kada ki ce ai na faɗa.

Idan duk da haka ya dage sai an kawo motar yanzu da kuɗinsa, kada ki mayar da shi yaƙi. Gumagumai ba sa lalacewa don sun kwana a fili wata uku, asali ma in ya fara faskarawa da wuri ribar baɗi ce. Abu uku ne kawai za ki tsaya a kansu ba ja da baya, cikin ladabi amma ba sassauci: ba a hura murhun sai an duba bututu an sa ƙararrawa, ba a sa icen da ya haura 20 a ciki, ba a tayar da inji sai da kayan kariya da wani babba a kusa. In ya ƙi jin waɗannan daga bakinki, ki nemi dattijo guda da yake jin nauyinsa a masallacinku na Sirakus, wanda ya daɗe a yankin, ya zo kamar ziyara ya ga murhun su yi maganar a matsayin maza.

Ki sayi bokitin ƙarfe mai murfi tun yanzu saboda toka. Garwashi yana iya kwana uku ko fiye da rai a cikinta, don haka ba a zuba ta a leda ko kwali, ba a ajiye bokitin a kan dandamalin katako ko cikin gareji. Waje za a kai shi, a kan siminti ko ƙasa, nesa da bango. Katakon da aka yi wa fenti ko aka jiƙa da maganin ƙwari, irin wanda ake samu kyauta a bakin hanya, shi ma kada ya shiga murhun ko da maigida ya ga ya bushe ƙayau, hayaƙinsa guba ne. Ki rubuto mini bayan mai duba bututun ya zo, in ji abin da ya gani da abin da likitan auta ya ce.